Ɗan bis ɗin tambur da ya ƙi kwancewa, da gaggawar da ke sa mu hau hanya da rabin birki

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙarfe ne wanda kansa bai wuce faɗin farcen yatsa ba. Idan aka cire ƙafar baya ta mota, a wasu motocin za ka gan shi kwance a fuskar tambur ɗin birki, wani lokaci guda ɗaya, wani lokaci biyu. Makanikai suna ce masa bis ɗin tambur. Mafi yawanmu masu mota ba mu ma san da shi ba sai ranar da ya cije. Mu ma ba mu san shi ba sai ƙarshen daminar da ta wuce, kuma abin da ya faru ranar ne ya sa muka ga ya kamata a yi maganarsa a fili.

Motar gidanmu tsohuwa ce, ƴar Japan wadda ta yi rabin rayuwarta a Turai kafin ta iso nan Maraɗi. Ta fara wani ɗan kuka a baya idan aka taka birki, ga birkin hannu sai an ja shi har ƙarshe kafin ya kama. Muna da tafiya Damagaram washegari, biki na dangi, mutum biyar a mota har da tsohuwa. Sai muka biya wani garaji da hantsi, da niyyar a duba cikin minti talatin mu wuce wurin aiki. Aparanti ya ɗaga motar, ya cire taya, ya sa turnabis a bis ɗin. Ya murɗa, shiru. Ya ƙara ƙarfi, turnabis ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Kafin maigidansa ya waiwayo, gicciyen da ke kan bis ɗin ya fara zama rami.

Maigidan garajin ya zo ya duba, ya dube mu, ya ga muna ta kallon agogo. Sai ya ce: "Malam, gaskiya wannan ya ci tsatsa. In kana sauri a maida taya, in ɗan ja maka wayar birkin hannu ta ƙasa, ai birkin gaba shi ka aiki. In kuwa kana so a buɗe, sai ka bar muna ita zuwa la'asar." Wallahi saura kaɗan mu ce a maida taya. Abin da ya hana mu shi ne tunanin tsohuwar da za ta zauna a kujerar baya. Muka bar motar, muka hau kabu-kabu. Da la'asar da muka dawo sai ya nuna mana abin da ke ciki: takalmin birki ɗaya ya cinye har ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, ɗan silindar da ke tura takalman yana yoyon mai, ƙura da mai sun haɗu sun zama taɓo baƙi. Da wannan muka so mu yi kilomita sama da 200 zuwa Damagaram, mu kuma dawo.

Tun ranar muke tambayar makanikai da direbobi, kuma abin da muka fahimta shi ne: motoci da yawa a ƙasar nan suna yawo shekara da shekaru ba a taɓa buɗe birkinsu na baya ba, kuma sau da yawa dalilin bai wuce wannan ɗan bis ɗin ko tambur da ya manne ba. An gwada, ya ƙi, mai mota na sauri, an maida taya. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ra'ayinmu a nan shi ne, laifin ya fi yawa a wuyanmu mu masu mota, domin mun saba biyan kuɗin kayan gyara amma ba mu saba biyan kuɗin lokaci da haƙurin makanike ba. Kafin mu kai ga wannan, bari mu san abin da muke magana a kai.

Tambur wani kwano ne na ƙarfen zubi da ke juyawa tare da ƙafar mota. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, waɗanda a garaji ake ce wa garnitir. Idan ka taka birki, man birki ya tura ɗan silinda, silinda ya buɗe takalman, su matse cikin kwanon, ƙafa ta rage gudu. Birkin hannu ma a nan yake kamawa, ta hanyar waya. Duk wannan a rufe yake, ido ba ya ganinsa sai an zare kwanon. Shi kuwa bis ɗin, aikinsa kaɗan ne: yana riƙe tambur a mazauninsa lokacin da ake haɗa motar a masana'anta, da kuma lokacin da aka cire taya. Idan mota na tafiya, notocin taya ne ke matse tambur ɗin, ba shi ba. Ba kowace mota ke da shi ba. Toyota da yawa ba su da shi, ƙananan Peugeot da Renault da dama kuma tambur ɗinsu haɗe yake da rulma, babban noti na tsakiya ke riƙe shi. Amma inda yake, shi ne ƙofa. In bai buɗe ba, babu mai ganin ciki.

Me ke sa ya cije? Wurin da yake zaune wuri ne na zafi da sanyi. Birki ya yi zafi, ya huce, ya sake zafi, sau dubbai. Ruwan damina ya shiga, laka ta shiga, ƙurar hunturu ta bi. Ga shi mafi yawan motocinmu na hannu ne, sun shigo ta Kwatano ko Lome bayan sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙarfe, kuma tsatsa idan ta kama tana kumbura, ta cika ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran bis da ramin da yake ciki. Ƙari a kan haka, kan bis ɗin mai gangare ne, yana nutsewa cikin fuskar tambur, don haka tsatsa tana kama shi ta ƙarƙashin kai ma. Sai ka ga abin da aka ɗaura da ƙarfin yatsu uku ya koma kamar an yi masa walda.

Akwai kuma wani abu da aparanti da yawa ba su sani ba. Gicciyen da ke kan bis ɗin motocin Japan yana kama da na turnabis ɗin kuros da ake sayarwa a kasuwa, amma yankansu ba iri ɗaya ba ne. Japan tana da nata ma'auni da ake kira JIS. Turnabis na Phillips idan aka matsa masa a irin wannan kan, hawa yake yi ya fito, kuma duk fitar da ya yi sai ya ɗebi ɗan ƙarfe. Ga kuma girma: yawanci baki mai lamba 3 ake bukata, amma wanda ke yawo a hannun yara mai lamba 2 ne, shi ma bakinsa ya riga ya lalace. Motocin Turai kuwa sau da yawa kan tauraro gare su, ko mai kusurwa shida. Minti biyu na farko su ne ke yanke hukunci. In aka fara da bakin da bai dace ba, aikin minti goma ya zama na yini.

To yaya masu sanin aiki ke yi? Mun zauna da wani dattijo da ya yi shekaru a sana'ar, kuma abin da ya nuna mana tsari ne, mataki bayan mataki, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Da farko motar ta zauna a kan abin tokare mai ƙarfi, a sa dutse a ƙafafun gaba, domin za a yi bugu, kuma jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Sai a share kan bis ɗin da burushin ƙarfe, a tone ramin gicciyen da tsinke har ƙasa, saboda baki ya zauna daram. A fesa man sassauta tsatsa, wanda ake sayarwa a gwangwani, a bar shi ya shiga. Minti goma sha biyar, talatin, in ma da hali a fesa tun dare. A nan ne haƙurinmu ke ƙarewa, domin ido na ganin makanike zaune kamar ba ya komai, alhali man ne ke aiki.

Bayan nan sai a sa bakin da ya dace a cikin kan, a ɗan buga shi da guduma sau uku ko huɗu. Bugun yana zaunar da baki, yana kuma fasa tsatsar da ta haɗe. Sannan a ɗauko kayan aikin da aka yi domin wannan matsala: turnabis na bugu. Wani gajeren ƙarfe ne mai kauri, a cikinsa akwai gangare da sifirin. Ka saita shi wajen kwancewa, ka danna shi a kan bis, ka ɗan murɗa hagu da hannu, ka buga bayansa da guduma. Bugu ɗaya yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana danna baki ciki don kada ya zame, yana kuma juya shi kaɗan da ƙarfin da hannu ba zai iya ba. Mafi yawan bis ɗin da ake cewa sun gagara, bugu biyu ko uku suke bukata. Ba ya cin wuta, ba ya cin batir, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Amma ku zagaya garajojin unguwarku ku tambaya guda nawa ke da shi. A namu garajin ma aro aka yi a makwabta.

In kai ya riga ya lalace, akwai sauran hanya. Ana ɗaukar ƙarfe mai tsini ko ƙaramin cizal, a kafa shi a gefen kan bis ɗin, a yi ɗan gurbi, sannan a karkata shi ana bugawa a hankali ta yadda bis zai juya hagu. Ana kuma iya ɗumama kan da wuta, a bar shi ya huce, domin buɗewa da tsukewar ƙarfe na karya tsatsa. Sai dai wuta a nan tana son hankali: bayan wurin akwai rulma da giris ɗinta, akwai robobin silinda, akwai man birki, kuma man da aka fesa ɗazu yana kamawa da wuta. Ɗan zafi a kan bis kaɗai, ba a gasa tambur gaba ɗaya ba.

In duk wannan bai yi ba, sai huda. Wannan ita ce hanyar da mutane ke tsoro, alhali tana cikin mafi tsabta. A buga alama a tsakiyar kai, a fara da siririn baki, sannan a sa wanda ya kai kaurin jikin bis ɗin, yawanci milimita 6 ko 8. Ana hudawa a hankali har kan ya rabu da jiki ya fito kamar zobe. Da zarar kai ya tafi, babu abin da ke riƙe tambur. In aka zare shi, guntun da ya rage yakan leƙo waje, a kama shi da filaya mai kullewa a juya, kuma sau da yawa yana fita cikin sauƙi tunda matsin ya tafi. Wasu kuma mai walda suke kira ya liƙa noti a kan bis ɗin, zafin waldar ya taimaka, a sa kile a kwance. Hanya ce mai kyau, da sharaɗi biyu: a cire kan batir, kuma a maƙala wayar ƙasa ta walda a jikin tambur ɗin kusa da aikin, don kada wuta ta ratsa ta cikin rulma ta lalata ta.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne abin da muka fi gani: a ɗauko babbar guduma a hau dukan tambur ta ko'ina. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa kamar sauran ƙarfe, tsagewa yake yi, kuma tsagar na iya zama siririya da ido ba zai gani ba sai ranar da birki ya yi zafi. Dukan hauka yana kuma raunata rulma. Bayan wata biyu ƙafa ta fara gurnani, mai mota ya koma ya sayi rulma, bai san daga ina ciwon ya fito ba.

Ko bis ya fita, wani lokaci tambur ɗin kansa ya ƙi zaruwa. Dalili biyu ne: ko tsatsa ta manne shi a tsakiya, ko kuma takalman sun ci rami a cikinsa sun bar baki a gefe, bakin ya tokare su. A sauke birkin hannu tukuna, abin dariya ne amma ana mantawa. A sassauta ɗan ƙarfen saiti na takalman ta ramin da aka tanada, su koma ciki. A tambur da yawa na motocin Japan akwai ramuka biyu masu haƙora a fuska: ka sa noti biyu masu milimita 8, kana ɗaura wannan kaɗan, wancan kaɗan, su tura kwanon waje ba tare da duka ba. Masana'anta ta yi ramukan nan domin haka, amma yara nawa aka taɓa nuna wa?

In an buɗe kuma, don Allah a daina hura ƙurar da baki ko da iskar kwampireso. Tsofaffin takalman birki da wasu masu araha suna iya ƙunsar amiyant, wani abu mai siraran zare da ke maƙalewa a huhu ya jawo ciwo bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana amfani da shi tun 1997, Tarayyar Turai gaba ɗaya a 2005, amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu daga ko'ina suke, babu mai tabbatar maka da abin da ke ciki. Wanda ke shaƙar ƙurar nan shi ne yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ke durƙushe gaban ƙafar. A jiƙa tsumma a goge, ko a wanke da abin wanke birki. Wajen mayarwa kuma a sa sabon bis, a shafa ɗan giris mai jure zafi a haƙoransa kaɗai, a ɗaure shi sama-sama. Kada giris ya taɓa cikin kwano ko takalmi. In ba a samu sabo ba, a motar da ƙusoshin taya ke kafe a jikinta ana iya tafiya ba shi, tunda notocin taya ke riƙo. A motar da ake ɗaura taya da dogayen notoci masu shiga ciki, irin Volkswagen da Opel, gara a mayar da shi domin shi ke hana ramukan gocewa.

Kun ga duk abin da muka lissafa babu sihiri a ciki. Kayan aiki kaɗan ne, sai lokaci. To a nan ne muke cewa mu dubi kanmu. Yaya muke ciniki a garaji? In makanike ya ce a sayo garnitir na jikka kaza, za mu yi ƙorafi amma mu biya, saboda muna ganin kwali a hannu. In ya ce kuɗin hannunsa kaza ne domin ya yi awa uku yana fama da bis, sai mu ce: "Haba maigida, don ɗan wannan abin?" Mun koya masa cewa awa ukun nan ba ta da kuɗi. Shi kuma yana da iyali, yana da yara aparanti da zai ba na abinci, ga wasu motoci uku na jira. Me zai yi gobe in wani bis ya cije? Ko ya ɗauko babbar guduma, ko ya ce birkin gaba ya isa. Mu muka saya wa kanmu wannan amsa.

Za a ce mana, ai gaskiya ne birkin gaba ya fi aiki. Haka ne. In mota ta taka birki nauyinta na zubowa gaba, ƙafafun gaba su ɗauki kaso mafi girma. Amma wannan lissafin na motar da ba ta da kaya ne. Ku dubi yadda muke loda mota ranar kasuwa: buhunan hatsi a but, mutum huɗu a baya, wani lokaci da akuya a sama. Ku dubi Hiace da ke tashi daga tasha zuwa Tasawa ko Madawa. Nauyi in ya koma baya, aikin birkin baya ƙaruwa yake, kuma in babu shi na gaba ke ɗaukar duka, ya yi zafi, ya fara sakewa. Sannan silindar baya in tana yoyo, man da take zubarwa daga tulu ɗaya yake fitowa. A ƙananan motoci da yawa an haɗa bututun birki a gicciye, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu a layi ɗaya. Ma'ana yoyon baya na iya tafiya da rabin birkin gaba. Wanda ya ce maka baya ba ta da muhimmanci bai gaya maka wannan ba.

Za a kuma ce talauci ne, kuma ba mu raina wannan magana ba. Direban taksi ko na motar haya da zai kai wa mai mota kuɗin yini, in motarsa ta kwana a garaji, ranar gidansa ba a ɗora tukunya ba. Mun san haka. Shi ya sa ake dabarun da kowa ya sani amma ba a faɗa: a matse bututun ƙafar da ke yoyo ko a toshe shi, mota ta ci gaba da ƙafa uku, ko man birki ya ƙare a hanya a zuba abin da aka samu. Dabarar da aka yi don a kai gari sai ta zama ta shekara. Amma mu yi lissafi da gaskiya. Yini ɗaya a garaji da kuɗin hannun makanike, a gefe guda. A ɗaya gefen, mota ta shige bayan amalanke da dare tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi, ko yaro ya tsallako a cikin gari birki ya ƙara mita biyar kafin ya kama. Wanne ne talaka ya fi iya ɗauka? Kuma masu motocin haya da ke zaune gida suna jiran kuɗin yini, su ya kamata su ɗauke wa direba ranar gyara, tunda motar tasu ce.

Mu da aikinmu ya sa muke karanta sanarwa a rediyo, mun san yadda takardar ke zuwa: hatsari a hanya kaza, za a yi jana'iza ƙarfe kaza. Ba mu cewa duk birki ne. Akwai gudu, akwai barci, akwai ramuka, akwai dabbobi, akwai lodi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara, alhali shi ke da ƙarancin motoci. A cikin dalilan nan, ramin hanya ba a hannunmu yake ba, saniyar da za ta tsallako ba a hannunmu take ba. Birkin motarmu kuwa a hannunmu yake. In abu ya faru mukan ce tsautsayi, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu kullum suna tuna mana cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali.

Makanikai ma ba mu wanke su ba. Maigida da ke da yara biyar a garaji, bai kamata a ce ba shi da turnabis na bugu da baki masu kyau ba. In mutum ɗaya ba zai iya ba, garaji uku da ke layi ɗaya su haɗa su saya. Kuma a daina ba sabon yaro irin wannan bis ya koyi aiki a kansa shi kaɗai. A tsaya kansa, a nuna masa cewa in turnabis ya zame sau ɗaya, tsayawa ake yi a kira babba. Mafi girma duka, a riƙa faɗin gaskiya. In ba a buɗe ba, a ce ba a buɗe ba. Na garajinmu ya ba mu zaɓi mara kyau, amma dai bai ɓoye mana ba, kuma don haka muke komawa wurinsa. Wanda ke maida taya ya ce "an duba, lafiya lau", alhali bis ya hana shi shiga, wannan ya ɗauki alhakin duk wanda zai hau motar.

Shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi suna da abin yi a nan fiye da yadda suke zato. Su ke rubuta layi, su suka san kowace mota da mai ita. Takardar bizit teknik tana da amfaninta, jandarma na tambayarta a hanya, hukumar ANISER na wayar da kai, amma takarda ba ta buɗe tambur. In tasha ta sa wa kanta doka cewa duk motar da ke ɗaukar fasinja sai an buɗe ƙafafunta na baya an gani, sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya bayanta, ba sai an jira kowa daga Yamai ba. Kuma bis ɗin da ake kwancewa sau biyu a shekara ana shafa masa giris, ba ya samun damar cijewa.

Ga abin da muke roƙon duk mai mota da ya karanta wannan. Kada ka kai gyaran birki ranar tafiya, ka kai kwana biyu kafin nan. Ka ce a buɗe baya, ka tsaya ka gani da idonka: kaurin takalmi, ko akwai jiƙar mai a silinda, ko cikin kwanon ya yi rami. A jikin tambur akwai lambar iyakar faɗin da aka yarda ya kai, in ya wuce ta canji ne. In takalmi za a canza, a canza ƙafa biyu tare, don kada mota ta riƙa ja gefe. In bis ya cije, kada ka tsaya kan makanike kana kallon agogo. Ka ba shi lokaci, ka tambaye shi kuɗin lokacin, ka biya ba tare da ka wulaƙanta shi ba. In kuwa birkin hannunka ya fara tafiya har ƙarshe, ko man birki na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to ciki ne, kuma jan waya ta ƙasa ba magani ba ne.

Mu dai mun je Damagaram mun dawo lafiya, da jinkirin rabin yini da ƴan jikkunan da ba mu yi niyyar kashewa ba. Tsohon bis ɗin yana nan mun ajiye a aljihun mota, kansa duk ya tauye. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya sa albarka a sana'ar makanikanmu da direbobinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.